Ɗaki Mai Fitowa a Jikin Bas: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Amurka da Kanada akwai mutanen da ke sayen tsohuwar bas, su kwashe kujerunta kaf, su shimfiɗa daɓe, su kafa gado da kicin da banɗaki, su mayar da ita gidan tafi-da-gidanka. Wasu hutu kawai suke zuwa da ita, wasu kuwa nan ne mazauninsu shekara da shekaru. Mafi yawansu bas ɗin 'yan makaranta suke saya, rawayar nan da kuke gani a finafinai, domin hukumomin ilimi na yankuna kan yi gwanjonta da araha idan ta kwana biyu a bakin aiki. Masu ɗan hali kuma sukan nemi doguwar bas ta zirga-zirga tsakanin birane, irin wadda kamfanoni kamar Greyhound suka gama mora.

Kusan duk wanda ya zauna a irin wannan gida kukansa ɗaya ne: tsawo akwai, faɗi babu. Wannan kuka ne ke kai wasu ga aikin da ya fi kowanne kasada a harkar, wato su yanke bangon bas ɗin, su saka ɗaki mai fitowa da suka ƙera da hannunsu.

Mene ne ɗaki mai fitowa?

Ku tuna da durowar tebur, wadda ake jawowa a mayar. To, ku ƙaddara durowar ta yi girman da za ta ɗauki gado ko doguwar kujera, kuma maimakon tebur, a gefen mota aka saka ta. Akwati ne mai daɓe da rufi da bango uku, ɓangaren da ke kallon cikin motar kuma a buɗe yake. Lokacin tafiya yana zaune a ciki, bangonsa na waje ya yi daidai da jikin bas ɗin har ba lallai mai wucewa ya lura da shi ba. Da an isa masauki sai a danna maɓalli, akwatin ya sulale waje da rabin mita ko kusan mita ɗaya, tare da duk abin da ke cikinsa. Amurkawa na ce masa silaid.

Dabarar ba a jikin bas aka fara ta ba. Tun a shekarun 1970 akwai tirelolin kwana masu wani ɓangare da ake turawa waje da hannu. A wajen shekarar 1990 ne kamfanin Newmar na garin Nappanee a jihar Indiana, ƙarƙashin jagorancin Mahlon Miller, ya fito da wanda inji ke turawa. Ba a daɗe ba sauran kamfanoni suka bi sahu, har ta kai yau da wuya ku ga sabuwar babbar motar kwana a Amurka da ba ta da ko guda ɗaya. Wasu har huɗu gare su.

Sai dai ku riƙe wannan bambanci tun yanzu, don shi ne ƙashin bayan zancen. Waɗancan motoci tun a kan takarda aka zana su da ramin da ɗakin zai zauna. Bas kuwa ba a ƙera ta da niyyar wani zai huda mata gefe ba.

Me ya hana a faɗaɗa bas ɗin gaba ɗaya a huta?

Doka ce ta hana. A manyan hanyoyin Amurka iyakar faɗin mota inci 102 ne, kusan mita 2.6, bisa wata dokar tarayya ta 1982. A ƙasashen Tarayyar Turai ma faɗin bas bai wuce mita 2.55 ba. Bas ɗin makaranta galibi ba ta ma kai wannan iyaka ba, inci 96 ce daga waje, idan kuma aka cire kaurin bango abin da ya rage a ciki bai wuce mita 2.3 ba.

Ku yi lissafi da kanku. Ku ajiye doguwar kujera mai zurfin santimita 90 a gefe ɗaya, teburin girki mai santimita 60 a ɗaya gefen. Hanyar da ta rage a tsakiya santimita 80 ce, wadda idan uwargida na tsaye tana girki sai ta matsa kafin yaro ya wuce banɗaki. Idan kujerar ta ja baya da santimita 60, filin ya koma santimita 140. A ɗakin kwana abin ya fi fitowa fili. Katifar ma'aurata da aka fi amfani da ita a Amurka tsawonta santimita 203 ne. Ku gitta ta a faɗin bas, ba za a bar muku ko taku ɗaya na wucewa ta wajen ƙafa ba.

Doka ruwanta da faɗin mota a kan titi ne. Idan motar tana tsaye a masauki, ta yi faɗin da ta ga dama.

To ina haɗarin yake?

A bangon da za a yanke. Mutum kan ɗauka bangon bas kwano ne kawai da tagogi, alhali shi ne ke riƙe da rufi, a wasu motocin ma shi ke riƙe da motar baki ɗaya. Nan sai an san irin bas ɗin da ake magana a kai, domin iri biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba.

Bas ɗin makaranta, irin ta kamfanonin Blue Bird da Thomas da IC, ƙirar babbar motar kaya gare ta. A ƙasa akwai shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da suka tashi daga gaba har baya, su ke ɗauke da inji da tayoyi. A kansu aka ɗora bodi. A cikin bodin kuma akwai haƙarƙari: ƙarafa lanƙwasassu da kowanne ya taso daga daɓe a wannan gefe, ya bi ta rufi, ya sauka a wancan gefe. Ginshiƙin da kuke gani tsakanin taga da taga, haƙarƙari ne. Ba don ado aka jera su kusa da juna ba. Tun 1977 ƙa'idar gwamnatin tarayya mai lamba 220 ta wajabta cewa rufin bas ɗin makaranta ya iya ɗaukar nauyin da ya kai na motar sau ɗaya da rabi ba tare da ya lotsa fiye da santimita 13 ba, don kada ya murƙushe yara idan motar ta kife. Wanda zai buɗe rami mai tsawon mita biyu ko uku a gefe, dole ya datse uku ko huɗu daga waɗannan haƙarƙari. Daga lokacin, wancan alkawari na 1977 ya tashi daga wuyan kamfani ya koma wuyansa.

Duk da haka bas ɗin makaranta ce mai sauƙin sha'ani, tunda ko an raunana bodi shasi na nan riƙe da motar. Doguwar bas ta tsakanin birane ba ta da irin wannan shasi daga gaba har baya. Ƙarƙashinta a tsakiya rumbunan kayan fasinja ne. Abin da ke haɗa tayoyin gaba da na baya shi ne jikin motar kansa, musamman sarƙaƙƙun ƙarafan da ke ƙasan tagogi, da rufi. A tsofaffin motocin General Motors, irin samfurin 4104 da ya fito a 1953, har fatar alminiyon da aka ɗinke da ƙusoshi a waje tana cikin masu ɗaukar nauyi. Ku yanke gefen irin wannan mota ba tare da shiri ba, za ta iya lotsawa a tsakiya tun tana tsaye a gareji. Alamun kan biyo baya: ƙofa ta ƙi rufuwa, gilashin gaba ya tsage ba dutse ba komai, fatar gefe ta yamutse.

Shi ya sa kamfanin Prevost na lardin Kebek a Kanada, wanda manyan mawaƙa ke yawon wasanni da motocinsa, yake ƙera ramin da ɗakin tun a masana'anta ga masu so, da injiniyoyinsa da gwaje-gwajensa. Mai aiki a bayan gida ba shi da ko ɗaya daga ciki. Shawarar da ba ta da makawa a nan ita ce a biya injiniya ya duba zanen kafin injin yanka ya taɓa ƙarfe.

Yaya ake yin aikin?

Masu hankali ba da yanka suke farawa ba. Da fari sai a ajiye motar a daɓen siminti, a tokare ta da jak da turaku a wurare da dama har ta daidaita ta ko'ina, don idan aka yi walda alhali motar na karkace, a karkacen za ta dawwama. Sai a cire wayoyin batir da na kwamfutar inji, saboda wutar walda na iya ƙona ta. Sannan a gitta ƙarafan wucin gadi a ciki, daga bango zuwa bango, daga daɓe zuwa rufi, su riƙe siffar bodin kafin a gama.

Bayan haka ake gina firam ɗin ramin, kuma a nan ƙarfin aikin yake. Ana amfani da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda masu walda ke ce wa sukwaya fayif, mai kauri sosai. Ɗaya a sama a kwance, ya karɓi nauyin duk haƙarƙarin da za a datse. Biyu a tsaye a gefe da gefe, su sauke nauyin zuwa ƙarafan daɓe. Ɗaya kuma a ƙasa. Sai firam ya zauna daram aka haɗe shi da haƙarƙari, sannan a yanke abin da ke tsakiya.

Ƙarfen saman nan aiki biyu yake yi, kuma na biyun ne mutane suka fi mantawa da shi. Idan ɗakin ya fita, babu abin da ke tallafe da shi daga ƙasa, a sarari yake rataye. Mutum biyu suka zauna a kujerar da ke cikinsa, akwatin zai so ya tuntsura waje. Abin da ke hana shi shi ne leɓen da aka yi masa ta ciki, wanda ke kama bango daga sama. Ke nan ƙarfen saman yana ɗauke da rufi, kuma ana fizgarsa waje a lokaci guda. Ƙarfen da aka zaɓa don ɗaukar nauyin sama kaɗai zai iya banƙarewa a hankali, har wata rana a ga hasken rana ta saman ɗakin.

Akwai kuma maganar awo. Dole ramin ya zama kusurwa huɗu na gaskiya. Ana gane haka ta auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, a sake auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, ramin a murɗe yake. Zafin walda kuwa yana jan ƙarfe, don haka a kan ɗiɗɗiga walda nan da can tukuna, a sake awo, sannan a cike a hankali ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe. Kuskuren rabin santimita da ba zai dami kowa a ƙofar shago ba, a nan ya isa ya sa akwati ya cije a hanya.

Shi kansa akwatin bai kai ramin wuya ba. Firam ne na ƙarfe mara nauyi ko alminiyon, a cusa masa soso mai hana zafi da sanyi, a lulluɓe da kwano. Ana rage girmansa ya bar rata kamar inci ɗaya tsakaninsa da ramin ta kowane gefe, inda robobi za su zauna. Wanda ya haɗa alminiyon da ƙarfe kuma sai ya raba su da fenti ko roba, don idan suka haɗu ga danshi, alminiyon ɗin kan ci kansa. Wani abin lura ga mai walda: jikin bas ɗin makaranta sau da yawa an shafe shi da sinadarin zinki don hana tsatsa, hayaƙinsa kuwa yana sa zazzaɓi. A goge wurin tukuna, a yi aikin inda iska ke kaɗawa.

Sai matsalar da kan ba sababbin shiga mamaki, wato tsayi. Cikin bas ɗin makaranta daga daɓe zuwa rufi tsakanin santimita 183 ne zuwa 198. Ɗaki mai fitowa dole ya fi haka gajarta: ƙarfen sama ya ci nasa, daɓensa kuma yana bisa daɓen motar, a kan ƙananan tayoyin da yake gungurawa. Abin da ya rage ya ishi mai zama ko mai kwanciya, bai ishi mai tsayuwa ba. Wannan ne ke sa da yawa su haɗa aikin da ɗaga rufi, su yanke duk haƙarƙarin motar su ƙara musu ƙafa ɗaya ko fiye. Kun ga aiki ya haifi aiki.

Me ke tura ɗakin waje ya dawo da shi?

Hanyoyin da aka saba da su huɗu ne, kuma mai aikin gida yakan ɗauko ɗaya daga cikinsu ne, ko sabuwa ko ta jikin tirelar da ta yi haɗari.

Mafi tsufa kuma mafi juriya ita ce ta sanduna masu haƙora. Sandunan ƙarfe biyu ne a ƙarƙashin ɗakin, ƙaramin injin lantarki na juya giya, giyar na cizon haƙoran tana tura sandunan. Tana da ƙarfi, gyaranta ba wuya. Matsalarta a bas ɗin makaranta ita ce a motocin kamfani sandunan ta cikin shasi suke ratsawa, shasin babbar mota kuwa masu ƙera shi na gargaɗi kada a yi masa walda ko a huda leɓensa. Sai dai a ɗora sandunan a saman daɓe, tsayin da dama bai isa ba ya ƙara raguwa.

Akwai ta haidirolik, wato ƙarfin mai da famfo ke matsawa cikin bututu, irin wanda ke ɗaga bayan tifa. Ita ce ta manyan ɗakuna masu nauyi, kamfanin HWH na jihar Iowa ya yi suna a kanta. Akwai ta igiyoyin ƙarfe da aka ɗaura a kusurwoyi huɗu na akwatin, wasu na ja waje, wasu na ja ciki. Ba ta da nauyi, amma igiya kan saki, sai an riƙa ɗaure ta.

Ta huɗun ita ce Schwintek ta kamfanin Lippert da ke Elkhart, garin da ya zama cibiyar ƙera motocin kwana a Indiana. Layukan alminiyon masu haƙora ne a manne a gefen akwatin, da ƙananan injuna biyu a ɓoye cikin bango, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Masu aikin gida na son ta don ba ta taɓa daɓe ko shasi. Amma ba ta son nauyi, kuma ba ta yafe ramin da ya murɗe. Idan inji ɗaya ya riga ɗan'uwansa, akwatin ya karkace ya tsaya cak.

Kowace aka zaɓa, akwai tambayoyi biyu da ya kamata a amsa tun a kan takarda. Idan batir ya mutu ko inji ya ƙone alhali ɗakin na waje, ta yaya za a mayar da shi da hannu? Motar da ɗakinta ke waje ba ta hawa titi, ko da gobarar daji ce ta tunkaro masaukin. Sannan me zai riƙe shi kada ya fito da kansa a kan kwana? Don haka ake saka sakata ko ƙusoshin kulle, wasu kuma su haɗa wayar yadda maɓallin ba zai yi aiki ba muddin ba a ja birkin tsayawa ba.

Ruwan sama fa?

Ku tambayi masu irin waɗannan motoci, har da na kamfani, abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Ba inji za su ce ba, yoyo za su ce. An buɗe rata mai zagaye akwati gaba ɗaya, an kuma ce roba ta toshe ta a yanayi biyu, ɗakin na ciki da ɗakin na waje, ga motar na murɗawa a kan hanya.

Roba iri biyu ake sakawa. Ɗaya mai faɗi ce kamar harshe, tana manne a bakin ramin, tana share ruwa daga jikin akwatin yayin da yake shiga. Ɗayar kumburarriya ce mai rami a ciki, wadda leɓen akwatin ke matsewa idan ya kai ƙarshen tafiyarsa, ciki ko waje. Manyan motoci masu tsada suna da ta uku, wadda ake hura wa iska ta cike ratar, a sace iskar kafin ɗakin ya motsa. Rufin akwatin kuma ana ɗan karkata shi waje don ruwa ya gangara can, a kuma saka masa 'yar rumfar tamfol da ke warwaruwa tare da shi, ta tare ganye da ƙanƙara. Ganye ɗaya da ya maƙale ƙarƙashin roba ya isa ya buɗe wa ruwa hanya.

Mugun halin wannan yoyo shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Ruwan kan bi ta kusurwar ƙasa ya shige ƙarƙashin daɓe, katako ya riƙa sha a ɓoye. Ranar da ƙafa ta ji daɓe ya yi laushi, ɓarnar ta yi watanni. Shi ya sa kafin a rufe bango da katakon ado, ake sa mutum ɗaya a waje da tiyo yana feshi ta ko'ina, wani a ciki da tocila yana bin kusurwoyi. A yi haka ɗakin na waje, a sake yi yana ciki, a sake bayan an yi tafiya mai nisa.

Iska ma ta nan take bi. Ɗaki mai fitowa ya fi sauran motar sanyi da hunturu, ya fi zafi da bazara, saboda bangonsa siriri ne kuma iska na kewaye shi ta sama da ƙasa da gefe.

Me ya kamata a saka a ciki?

Abin da ba ya buƙatar bututu. Gado, kujera, teburin cin abinci, kabad ɗin tufafi. Da zarar an ce kicin zai shiga, to ruwan sha da ruwan wanke-wanke da gas ɗin girki duk sai sun bi ta tiyo mai lanƙwasuwa, wanda zai riƙa naɗewa yana warwarewa duk fita da shiga. Kamfanoni na yi, amma tiyon gas da ke gogar ƙarfe a inda ido ba ya gani ba abin da mai koyo zai gwada hannunsa a kai ba ne.

Ku kuma zana motar a yanayin da ɗakin ke ciki, ba a yanayin da yake waje kaɗai ba. Wurin da ya bayar idan ya fita, shi yake cinyewa idan ya dawo. Akwai masu ɗakuna biyu da ke kallon juna, idan an rufe su sai su haɗe a tsakiya, ba a isa firji ko banɗaki sai an tsaya an buɗe. Ba kuma ko'ina ake buɗewa ba. Matafiyan da ke kwana a filin ajiye motoci na wasu kantunan Walmart, inda manaja ya yarda, sun san ladabin wurin shi ne kada a baje kamar an zo zama.

Nauyin fa, motar za ta ɗauka?

Galibi bas ɗin makaranta na da rarar ƙarfi, tunda an cire kujeru da yara masu yawa. Amma ɗaki ɗaya da firam ɗinsa da injinsa na iya ƙara ɗaruruwan kilo, kuma duk a gefe guda. Kowace mota na da wani ɗan allo kusa da direba da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka gaba ɗaya, da iyakar na tayoyin gaba da na baya daban-daban. Ana iya zama ƙasa da iyakar gaba ɗaya amma a wuce ta tayoyin gaba, musamman a motar da injinta ke gaba aka kuma saka ɗakin bayan direba. Maganin shi ne a hau sikeli kafin aiki da bayansa. A tashoshin manyan motoci na Amurka akwai sikelin CAT da kowa ke iya hawa ya biya kuɗi kaɗan. Sai a daidaita da tankunan ruwa da batura a ɗaya gefen, a tuna kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma tanki yau cike ne gobe wayam.

Hukuma da kamfanin inshora sun yarda?

A Amurka kowace jiha da nata tsarin. Abin da aka fi samu shi ne a sauya takardun motar daga bas zuwa motar kwana bayan an nuna tana da wurin barci da na girki da makamantansu, a cire alamar tsayawa da fitilun makaranta, a jihohi da yawa kuma a sauya launin rawayar. Ba kasafai jami'in rajista ke duba ingancin walda ba, kuma kada wannan ya ruɗi kowa. Rashin dubawa ba shaidar inganci ba ce.

Inda ake shan wuya shi ne inshora. Dama kamfanoni da yawa ba sa son bas ɗin da mutum ya gyara da kansa, balle a ce an taɓa ƙashin jikinta. Wasu kan ƙi kai tsaye, wasu su nemi hotuna da takardar ƙwararre. Wanda ya ɓoye aikin don a karɓe shi, ranar haɗari kamfanin na iya cewa ba wannan motar ya yi wa inshora ba. Gara a nemi amsarsu a rubuce tun bango na nan lafiya. A ajiye hotunan kowane mataki da rasit na ƙarafa da zanen injiniya, don mai saye ma wata rana zai tambaya.

Nawa abin ke ci?

Tsohuwar bas ɗin makaranta a gwanjo 'yan dubban daloli ce. Sabuwar Prevost da kamfani irin Marathon na jihar Oregon ya ƙawata da ɗakunanta masu fitowa ta haura dala miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Tazarar nan ce ke sa mutum ya ce bari ya gwada da kansa.

Ƙarfe da kwano ba su ne masu cin kuɗi ba. Injin turawa da robobi da tagogi da ladan injiniya da na ƙwararren mai walda su ne ke tara lissafi, har kuɗin ɗaki ɗaya ya iya kamo kuɗin da aka sayi motar. Masu neman sauƙi kan sayi tirelar kwana da ta yi haɗari ko ruwa ya lalata, su ciro ɗakinta ɗungurungum da injinsa da robobinsa, su gina rami daidai da shi. Dabara ce mai kyau, tunda an riga an gwada akwatin da injin tare. Amma ramin dai naku ne, babu tirelar da za ta ba ku shi.

Sai lokaci. Aikin da aka yi wa kirdadon makonni kan ci watanni, kuma duk tsawonsa motar na buɗe a gefe, tana buƙatar rumfa.

Wa ya kamata ya yi, wa ya kamata ya haƙura?

A ganina mafi yawan masu sha'awar ba sa buƙatarsa. Bas mai tsawon mita 12 fili ce babba ga mutum biyu, kuma gadon da ake naɗewa jikin bango, da teburin da ke ninkuwa, da rumfar tamfol a waje, suna magance rabin ƙuncin ba tare da an datse haƙarƙari ko ɗaya ba. Wanda kullum yana kan hanya, yau nan gobe can, wahalar buɗewa da rufewa da gyaran roba za ta fi masa amfanin yawa.

Wanda abin ke yi wa rana shi ne mai iyali da ke zama wuri ɗaya makonni, ya iya walda ta gaske ko yana da wanda ya iya, kuma motarsa mai shasi ce. Shi ma ƙarami ya fi masa: ɗakin da zai ɗauki kan gado ko teburin cin abinci, mai faɗin taga biyu, wanda haƙarƙari ɗaya kawai zai ci, nesa da inda tayoyi suke.

Idan kuwa saye za ku yi, aka ce muku mai motar ne ya ƙera ɗakin da kansa, kada kyan labule da katako ya ɗauke muku hankali. Ku sa a fitar da shi a mayar sau uku kuna saurare, ko yana ƙara, ko gefe ɗaya na riga ɗaya. Ku shiga ciki da rana a rufe labule, ku duba ko haske na shigowa ta bakin roba. Ku taka daɓen kusurwoyin nan biyu na ƙasa da dunduniya. Ku tsaya daga bayan motar ku kalli layin rufinta, ko ya lotsa a saitin ramin. Sannan ku nemi hotunan firam ɗin tun kafin a rufe shi, da takardar sikeli, da sunan kamfanin inshorar da ya karɓi motar a yadda take.